Daga Iper zuwa Verdun: Na Bi Sawun Ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ɗan ƙanwata da ke aiki a Brasels ne ya aiko mini da takardar gayyata, ni kuma na gaya masa tun a waya cewa in Allah ya kai ni Turai, ba kantuna zan je kallo ba. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, ina ja wa ɗalibai layi a allo daga gaɓar tekun Beljiyam zuwa iyakar Suwizalan, ina ce musu a nan sojoji suka haƙa ramuka masu tsawon kusan kilomita 700 suka zauna ciki shekara huɗu. Ba a rasa yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me ya hana su fitowa a gwabza a gama?" Amsar da nake bayarwa ba ta taɓa gamsar da ni ba, shi ya sa na ƙudurta sai na taka ƙasar da ƙafata.

Biza ta ci Yuro 90, ban da inshora da zirga-zirgar Abuja. Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, gari na wayewa muna Brasels. Jami'in da ya karɓi fasfona ya nemi tikitin komawa da adireshin mai masaukina, ya tambayi abin da ya kawo ni. Da na ce masa Iper za ni, garin da aka yi ta gwabzawa a kansa a yammacin Beljiyam, sai ya ɗago ya dube ni, ya ce ko ina da wani da aka binne a can? Na ce ban san da kowa ba. Ya buga hatimi ya miƙo mini. A waje yaron na jirana da jibgegiyar rigar sanyi da takalmin roba. "Kawu, ƙarshen Oktoba ne, wannan babbar rigar ba za ta kai ka ko'ina ba," in ji shi.

Bayan na huta muka ɗauki hanya a motarsa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Ƙasar Filandas shimfiɗe take, ba dutse ba tudu, gonakin dankali da masara ko'ina, ruwa kwance a cikin kunyoyi, sama kuma a murtuke. Garin Iper kansa in ka shiga sai ka rantse ya shekara ɗari bakwai a haka, alhali igwa ta mayar da shi fili, bayan yaƙin aka sake gina shi yadda yake da. A babban ginin da masu fataucin tufa suka gina tun ƙarni na 13 aka yi gidan tarihin yaƙin, kuma a nan na fara samun bakin zaren.

Babu wanda ya shiga yaƙin nan da niyyar haƙa rami. A watan Agustan 1914 sojojin Faransa sun fita da jan wando da shuɗiyar riga, hafsoshinsu sun yarda cewa zuciya da tsinin bindiga ne ke cin yaƙi. Ranar 22 ga Agusta kaɗai aka kashe musu mutum wajen 27,000, a fili, kafin a soma zaman rami. Da aka tare Jamusawa a kogin Marne cikin Satumba, sai suka ja da baya zuwa tuddan kogin Aisne suka ɗauki shebur. Kowane ɓangare ya yi ta ƙoƙarin zagayo ɗan'uwansa ta arewa, ana zagaye ana haƙa, har teku ta tare su. 'Yan Beljiyam da suka ga za a cinye ɗan abin da ya rage musu, sai suka buɗe ƙofofin ruwa a Nieuwpoort, teku ta malale filin kogin Yser. Ashe ramin da muke yi wa kallon kabari shi ne ya rage mutuwa. Watannin da aka fi zubar da jini su ne waɗanda aka yi a sarari.

Na daɗe tsaye gaban wata bindiga mai jigida da aka ajiye cikin gilashi. Irinta tana aman harsashi wajen 500 a minti guda. Mu ba baƙuwarmu ba ce. Da ita sojojin Lugga suka tarwatsa mahayan Sakkwato a watan Maris na 1903, da ita aka je Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Yulin shekarar, kafin nan kuma an gwada ta a kan Ansaru, mabiya Mahadi, a Omdurman ta Sudan a 1898. Turawa sun ga abin da take yi wa mutum in ya taho a guje, komai jarumtarsa. Sun kuma ga sojoji sun shige ƙasa a Sebastopol, da Petersburg a yaƙin basasar Amurka, da Port Arthur lokacin da Rasha da Japan suka kara a 1904. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda suka ɗauka wannan darasin na wasu ne, jikin Bature daban yake. Mu da muka tashi da labarin Yaƙin Gwalalo mun san Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙa a gefen Madina a shekara ta 5 bayan Hijira don a tare dawaki. Na 1914 aikinsa dabam ne: mutum ne da kansa yake shiga ciki, don sama da ƙasa ta zama ba wurin rayuwa ba.

Da yamma muka fita gabashin gari zuwa wani kurmi da ake kira Sanctuary Wood, inda iyalan mai gonar suka bar ramukan ba su cike ba. Mun biya kimanin Yuro 10 kowanne. Na sauka ciki. Faɗinsa bai fi mutum biyu su gifta da ƙyar ba, an tokare gefe da gefe da kwano wanda tsatsa ta cinye, ruwa mai launin ƙasa ya kawo mini idon sawu. Ba a miƙe yake ba, taku kaɗan sai kwana, taku kaɗan sai kwana, don in bam ya faɗo ko abokin gaba ya diro kada ya share layin gaba ɗaya. Taɓon yana kama takalmi sai ka yi da gaske kake zare ƙafa. Ban jima ba yatsuna suka daina jin komai. A nan mutane suka kwana suka tashi, ƙafa cikin ruwa har ta kumbura ta ruɓe a yanke, shi ya sa aka riƙa tilasta musu sauya safa da shafa man kifin teku. Ga kwarkwata a cikin ɗinkin riga, ga ɓeraye da suka ƙoshi da gawa. Ramin ba guda ba ne: akwai na gaba, da na tallafi a bayansa, da na ajiya, da wasu masu haɗa su inda ake bi da abinci da masu rauni. Soja yakan yi 'yan kwanaki a gaba a mayar da shi baya. Da asuba da magariba kowa zai miƙe da bindiga yana jiran hari, da dare kuma a fita gyaran waya mai ƙaya. A wannan yanki in ka haƙa kaɗan ruwa ke tasowa, don haka wurare da yawa sai dai a jera buhunan ƙasa a yi bango sama.

Ƙarfe takwas na dare muka tsaya a Ƙofar Menin, wadda aka rubuta wa sunayen sojoji sama da 54,000 da ba a ga gawarsu ba. 'Yan sanda suka tare hanya, 'yan kwana-kwanan garin suka busa begila, kamar yadda ake yi kowane dare tun 1928, in ban da lokacin da Jamus ta mamaye garin a yaƙi na biyu. Cikin sunayen na ga na sojojin Indiya, da Khan da Muhammad da Singh.

Mun sauka a gidan wata dattijuwa a ƙauye, Yuro 85 ɗaki da karin kumallo. Tun da dare yaron ya gaya mata ba ma cin alade, da safe ta cika tebur da burodi da cuku da dafaffen ƙwai da madara. Mijinta manomi ne, ba ya jin Turancin Ingila sosai, sai ya kama hannuna ya ja ni bakin hanya. A gindin turken lantarki ga wasu ƙarafa uku a jere, laka ta daskare a jikinsu, ɗaya ya kai tsawon damtsena. Harsasan igwa ne da ba su fashe ba, garmar tarakta ta tono su a makon. Na kai hannu, ya riƙe ni da sauri yana girgiza kai. Matar ta yi bayani cewa wasu da guba a cikinsu, akwai rundunar sojan Beljiyam da aikinta ke nan, zagayawa tana kwashewa, kuma abin da ake tarawa a shekara ya haura tan 100. Ta ce tun suna yara ake ja musu kunne a kan ƙarfen gona.

Gubar nan ma a arewacin Iper aka fara sakinta da yawa, ranar 22 ga Afrilun 1915, kuma sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi suna cikin waɗanda ta fara shaƙewa. Layi ya buɗe wajen kilomita 6, amma Jamusawa ba su tanadi mutanen da za su kutsa ba, kafin su farga an toshe. Mun biya ta maƙabartar Tyne Cot mai kabari kusan 12,000, fiye da 8,000 ba suna, muka nufi kudu.

Ban san mun bar Beljiyam ba sai da yaron ya nuna mini wani ɗan allo shuɗi da aka rubuta Faransa. Ba shinge, ba igiya, ba wanda ya ce a buɗe but, ko birki bai taka ba. Na tuna hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, inda dangina suke ɓangare biyu, harshe ɗaya, addini ɗaya, ana auratayya, amma sai ka gaji da sauka da hawa da nuna takarda kafin ka isa gidan biki. Mutanen nan sun kashe wa juna miliyoyi a kan wannan ƙasar, sau biyu cikin shekara talatin, yau jikokinsu suna ƙetarawa sayen burodi. Layin da ya raba mu kuwa Ingila da Faransa ne suka ja shi a kan takarda, su sun sassauta nasu, mu muna nan riƙe da wanda suka bar mana. Na yi shiru a motar har yaron ya tambaye ni ko lafiya.

A tudun Vimy ba a biyan ko sisi, ɗaliban Kanada ne ke zagayawa da baƙi. Wata yarinya mai fara'a ta kai mu inda ramin Kanada da na Jamus suke fuskantar juna, tsakaninsu bai fi mita 25 ba, sai ramukan nakiya a tsakiya. Tumaki ke kiwo a wurin saboda ba a yarda a sa injin yankan ciyawa ba. Ta ce da za a kai harin 9 ga Afrilun 1917, an raba wa ƙananan sojoji taswira, an yi ta maimaita harin a bayan fage, igwa kuma ta riƙa tafiya a gabansu sannu a hankali suna bin bayan wutar. Sun ci tudun, amma da ran mutum 3,598.

A Albert, cikin yankin Somme, muka kwana, muka ci naman gashi da burodi a shagon wani Baturke kan Yuro 9. Washegari ce ranar da ta fi tsaya mini a rai. Mun fara da ramin Lochnagar a La Boisselle, wanda nakiyar da aka binne ƙarƙashin Jamusawa ta haƙa da ƙarfe 7:28 na safiyar 1 ga Yulin 1916, minti biyu kafin a busa usur. Daga nan sai Beaumont-Hamel. An bar filin yadda yake, ciyawa ta rufe shi amma ramukan suna nan a kwance kamar jiya. Na tashi daga layin Birtaniya na gangara zuwa na Jamus da ƙafa, ina tafiya irin ta dattijo, ban yi minti goma ba na isa. Wannan 'yar tazarar ce bataliyar Newfoundland, tsibirin da yau yake cikin Kanada, ta fito za ta ƙetare, su kusan 800. Washegari da aka kira suna, 68 ne suka amsa. Da yawansu ko wayar ɓangarensu ba su wuce ba, sun taru a 'yan ƙofofin da aka yanka a jikinta, masu jigida kuwa sun riga sun saita bakin bindiga a nan. A ranar kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, cikinsu 19,240 matattu.

Da na tsaya a ɓangaren Jamus na waiwaya, sai na ga abin da allo bai taɓa nuna mini ba. Duk wanda ya taso daga can, a tafin hannunka yake. An yi mako guda ana ruwan harsasan igwa, wajen miliyan ɗaya da rabi, amma ƙasar Somme alli ce mai tauri, Jamusawa sun haƙa ɗakuna masu zurfin mita 10 sun zauna suna jira. Igwa na yin shiru suka san lokaci ya yi, suka hauro da bindigoginsu, suka riga masu tahowa isa bakin rami. Wayar ba ta tsinke ba a wurare da dama. Mai kai hari yana ɗauke da kaya wajen kilo 30. Ko ya ci ramin farko, ba shi da hanyar gaya wa na baya, don wayar tarho bam ya datse ta, sai ɗan aike da ƙafa ko tattabara. Igwarsa ba ta iya biyo shi cikin ƙasar da ita kanta ta dagargaza. Shi kuwa mai tsaro jirgin ƙasa ne ke kawo masa sababbin sojoji har kusa da fage. Wuta ta yi gudu, jirgin ƙasa ya yi gudu, amma mai kai hari yana nan da ƙafa biyu irin ta zamanin kakanninsa. Abin da ya hana su fitowa ke nan.

Ban ce janarorin ba su da laifi ba. Ranar farko ana iya cewa ba su sani ba. Amma Janar Haig, kwamandan sojojin Birtaniya, ya ci gaba da tura mutane har 18 ga Nuwamba, aka tashi da asarar sama da mutum miliyan ɗaya a ɓangarorin duka, a kan ƙasar da ba ta wuce kilomita 10 ba. A Thiepval na ga sunaye fiye da 72,000 na waɗanda ko ƙashinsu ba a tantance ba. Manya sun koyi yaƙin daga baya, gaskiya ne, sai dai 'ya'yan talakawa ne suka biya kuɗin makarantar.

Daga Somme muka karkata zuwa wani ƙauye kusa da Cambrai mai suna Flesquières, inda aka ajiye tankar yaƙin da aka tono daga ƙasa a 1998. Gabanta a fashe yake inda igwa ta same ta. Mutum takwas ke shiga irinta, tare da injin a ɗaki guda, cikin zafi da hayaƙi, gudunta bai fi na mai sauri da ƙafa ba. An fara fito da tanka a Somme ranar 15 ga Satumban 1916, 'yan kaɗan, yawancinsu suka lalace a hanya. A Cambrai kuwa, ranar 20 ga Nuwamban 1917, kusan 400 Birtaniya ta saki lokaci guda, da yawa ɗauke da ƙaton dami na itace da suke jefawa cikin rami su taka su wuce, suna murƙushe wayar da ta gagari igwa. Ba a yi ruwan wuta na mako guda da zai tona asiri ba, masu igwa sun koyi saiti da lissafi da taswira. A yini ɗaya aka ci wajen kilomita 8, har aka kaɗa ƙararrawar coci a Ingila. Kwana goma bayan haka Jamusawa suka dawo suka ƙwace mafi yawa.

Ba tanka kaɗai ta kashe rami ba. Jamusawa sun zo da tasu dabarar ranar 21 ga Maris 1918: ƙananan ƙungiyoyi masu zaɓaɓɓun sojoji suna sulalewa ta inda ya yi rauni, suna barin wurare masu ƙarfi a baya. Sun yi tafiyar kusan kilomita 60, sannan abinci da harsashi suka kasa cim musu, ƙafa ta sake gazawa. A Amiens ranar 8 ga Agusta Birtaniya da ƙawayenta suka haɗa komai wuri guda, tanka da jirgin sama da igwa da sojan ƙasa, kowa na rufa wa wani baya, har Ludendorff, babban janar na Jamus, ya kira ta baƙar rana ga sojan Jamus. Abin da ya fi burge ni shi ne sun koyi dainawa: in hari ya fara cijewa sai a bar shi a buga wani wurin. Ranar 29 ga Satumba aka ƙetare mashigin ruwan Saint-Quentin aka fasa layin Hindenburg, babban layin tsaron Jamusawa, 11 ga Nuwamba aka ajiye makamai.

Babbar hanyar zuwa gabas ta kuɗi ce, ana karɓar tikiti a shiga a biya a fita, man dizal kuma ya kusa Yuro 2 lita. A wani wurin hutawa muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru a gefen ciyawa, wani direban babbar mota ɗan Maroko ya gan mu ya zo ya bi sahu.

Mun ɗan ratse zuwa Chemin des Dames, doguwar hanya a kan tudu, iska na kaɗawa kamar za ta yanke kunne. Ranar 16 ga Afrilun 1917 Janar Nivelle na Faransa ya tura sojoji su hau tudun nan cikin ruwa da ƙanƙara, a sahun gaba akwai dubban baƙaƙen fata ƙarƙashin Janar Mangin. Ana ce musu 'yan Senegal, amma daga duk Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka aka kwaso su, da yawa bisa tilas, har da ƙasashen da yau ake kira Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar. Sanyi ya sandarar musu da hannu har wasu ba su iya sarrafa bindiga. Dubbai suka faɗi cikin 'yan kwanaki. Ni da ke cikin rigar sanyi da safar hannu ban iya tsayuwar kirki a wurin ba. Kimanin 30,000 daga cikin sojojin Afirka ta Yamma ba su koma gida ba a wannan yaƙi.

Verdun yanzu daji ne, an dasa itatuwa bayan yaƙi saboda ƙasar ba ta nomuwa. Amma ka leƙa ƙarƙashin itatuwan, babu taku ɗaya da ke a daidaice, rami kan rami har iyakar ganinka. Daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamban 1916 aka yi ana ɓarin wuta a nan, matattu da waɗanda suka ɓace wajen 300,000. A nan ramin ma bai tsaya ba, igwa ta baje shi, soja sai ya laɓe a duk kwarin da bam ya haƙa. Ƙauyen Fleury ya sauya hannu sau 16, yau ba ko tubali, sai 'yan turaku da aka rubuta nan gidan burodi yake, nan makaranta. Har yanzu ana naɗa masa magajin gari ko da yake ba kowa a cikinsa. A Douaumont akwai dogon gini da aka tara ƙasusuwan mutum wajen 130,000, Faransawa da Jamusawa a gauraye. Ta baya akwai ƙananan tagogi daf da ƙasa. Na durƙusa na leƙa ɗaya, na ga ƙoƙunan kai da ƙasusuwan cinya jibge har sama, na miƙe ina salati.

A gaban ginin kabari ne sama da 16,000, a gefe guda kuma 592 na Musulmi, an juya su suna fuskantar alƙibla. Kowane dutse da wata da tauraro, da rubutun Larabci cewa wannan kabarin marigayi ne, sai suna a ƙasa yadda akawun soja ya ji shi ya rubuta. Muna cikin karantawa muna magana, sai na ji an ce daga bayanmu, "Salamu alaikum, Malam, Hausa nake ji?" Wani magidanci ne ɗan Damagaram da ke zaune a gabashin Faransa, ya kawo 'ya'yansa biyu. Muka gaisa kamar mun saba, ya tambayi mutanen Kano, na tambayi iyali da sanyi. Ya ce a gidansu ana ba da labarin wani da aka ɗauka soja zamanin Nasara bai dawo ba, ba wanda ya san inda ya faɗi, shi ya sa yakan zo nan ya yi wa kowa addu'a. Shi ya nuna mana hanyar ganuwar Douaumont, wadda Jamusawa suka kama ranar 25 ga Fabrairu, aka ƙwato ta 24 ga Oktoba da taimakon sojojin Afirka ta Yamma da na Somaliya. Muka ɗaga hannu tare da yaransa muka yi musu addu'a, ya matsa sai da muka sha shayin da ya zo da shi a filas.

Hanyar komawa Brasels ta bi da mu ta Sedan, a bakin kogin Meuse. Darasin da Faransa ta ɗauka daga Verdun shi ne a yi rami na kankare wanda igwa ba ta fasawa, ta kashe dukiya ta gina layin Maginot a kan iyakarta da Jamus, da sunan ministan da shi kansa aka ji masa rauni a kusa da Verdun. Jamusawa kuwa darasin 1918 suka ɗauka, suka sa wa tanka inji mai gudu da rediyo, suka haɗa ta da jirgin sama da motocin ɗaukar soja. Ta dajin Ardennes suka ɓullo, suka ƙetare kogin nan ranar 13 ga Mayun 1940, ranar 20 ga wata suna bakin teku. Abin da ya gagara shekara huɗu aka yi shi a mako guda.

"Ke nan daga ranar rami ya mutu, Kawu?" in ji yaron. Da muka tsaya shan mai sai shi da kansa ya buɗe waya ya nuna mini sojoji a Bakhmut ta Yukiren, tsaye cikin taɓo har gwiwa, ba abin da ya raba su da hotunan gidan tarihin Iper sai kala. Na ce masa ya ja baya dai, bai mutu ba. An koma cikinsa a Koriya daga 1951, an koma a yaƙin Iran da Iraƙi, an koma tsakanin Habasha da Eritiriya a 1998. Duk ranar da abin da ke kashe mai motsi ya fi ƙarfin abin da ke ɗauke da shi, soja zai nemi shebur. Jiya jigida ce da waya, yau nakiya ce da ƙananan jirage marasa matuƙa da ke hango tanka tun daga nesa. Shi kuma ya tuna mini ramukan da aka zagaye Maiduguri da wasu garuruwan Borno da su, ko da yake waɗancan sun fi kama da na Madina, don tare mota da babur aka yi su.

Na sauka Kano hazo ya fara. Tun a jirgi nake lissafin cewa na je har Verdun neman ramukan wasu, alhali namu suna nan kusa. Sojojin Rundunar Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun afka wa ramukan Jamusawa a Garwa a ƙarshen Agustan 1914 aka koro su da asara mai yawa, garin bai faɗi ba sai Yunin 1915. A dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben, Bajamushe, da sojojinsa baƙaƙe sun riƙe wuri tun 1914 har Fabrairun 1916, su ne na ƙarshe da suka miƙa wuya a Kamaru. Na riga na yi magana da wani abokina a Yola, in hutun makaranta ya zo kuma hanya ta yi kyau, ta can za mu shiga Garwa.